Lokacin da Adar Take Ƙarƙashin Teku: Tarihin da Duwatsun Keita, Buza da Madawa Suke Riƙe da Shi

Duk wanda ya taɓa kiwon awaki a gindin duwatsun Adar ya san su. Ƙananan duwatsu ne farare, wasu kamar katantanwa, wasu kamar wuri, wasu kuma a dunƙule kamar ƙosai, da zanen tauraro mai reshe biyar a bayansu. Yara kan cika aljihu da su, su yi dara ko 'yar carafke, in sun gaji su watsar. Idan yaro ya tambayi babba mene ne wannan, amsar da ya fi samu ita ce, "Dutse ne mana, ikon Allah." Gaskiya ne, ikon Allah ne. Sai dai tambayar yaron tana nan ba a amsa ta ba: me ya kawo katantanwar teku Tamaske, garin da tsakaninsa da gaɓar teku mafi kusa ya haura kilomita 900?

Amsar tana cikin darasin da 'ya'yanmu suke haddacewa a kwaleji da lise, darasin farantan ƙasa da motsinsu. Ana koya musu shi da misalin Japan da tsaunukan Turai, su rubuta a jarrabawa, su manta. Kaɗan ne ake gaya wa cewa hujjar darasin tana kwance a bayan garinsu, kuma ita ce ta sa rijiyar ƙauyensu take da zurfi, ita ce ta sa ake yin siminti a Malbaza. Ga tarihin yadda aka gano haka.

Duwatsun da suka tafi Turai

A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniyar raba ƙasar Hausa. Suka ɗora tsinin alƙalami a kan birnin Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, wato kilomita 161, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne, na waje kuma na Faransa. A takarda, wannan zane ya jefa Ƙonni da Madawa cikin rabon Ingila, ya ratsa ta tsakiyar Adar. Sai a 1904 da 1906 aka sake gyara iyakar ta koma kudu. Amma kafin nan, zirga-zirgar sojoji da masu awon iyaka ta sa idon baƙi ya faɗa kan duwatsun nan da yaranmu ke wasa da su.

Wani hafsan Faransa, Kyaftin Henri Gaden, ya tsinci wasu a Tamaske, cikin ƙasar Keita ta yau, aka kai su Paris. A 1903 masanin duwatsu Albert de Lapparent ya gabatar da su a gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa. Ya ce waɗannan gawarwakin bushiyar teku ne da wani irin dodon koɗi da ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri, don haka teku ya taɓa kwanciya a wannan wuri. A ɓangaren Ingila kuma, likitan ayarin awon iyaka na 1903 zuwa 1904, Kyaftin Percy Lelean, ya kwashi irinsu a wurin da suka rubuta da sunan "Garadimi", wanda ga dukkan alamu Garadume ce ta ƙasar Buza. A 1904 Francis Bather na gidan tarihin London ya yi bayaninsu, ya raɗa wa ɗaya suna Plesiolampas saharae, wato ya jingina ta ga Sahara. A kan takardarsa ya rubuta cewa daga Sakkwato suke, domin a lokacin haka taswira ta nuna.

Su waɗannan Turawa ba su ne suka fara irin wannan tunani ba. Kimanin shekara 900 kafin su, malamin nan Abu Raihan al-Biruni ya rubuta cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, hujjarsa kuwa ita ce ƙwansunan halittun ruwa da ake tararwa idan an haƙa rijiya. Ibn Sina ma ya yi magana a kan yadda tsaunuka suke samuwa da yadda ruwa da iska suke cinye su. Ke nan sanin cewa tudu kan zama teku, teku kan zama tudu, tsohon sani ne. Abin da ya gagari kowa har zuwa 1904 shi ne dalili. Me ke turo teku cikin tsakiyar nahiya, me kuma ke janye shi?

Mutumin da aka yi wa dariya

A watan Janairun 1912, shekara tara bayan labarin Tamaske, wani Bajamushe masanin yanayi mai suna Alfred Wegener ya tsaya a birnin Frankfurt ya ce nahiyoyi tafiya suke yi. A 1915 ya fitar da littafi a kan haka. Ya ce a dubi gaɓar Afirka ta yamma da gaɓar Amurka ta Kudu, za a ga suna shiga juna kamar sakaina biyu na ƙwarya ɗaya. Ya kawo hujjar duwatsu iri ɗaya da ƙasusuwan dabbobi iri ɗaya a ɓangarorin biyu na tekun Atlantika. Ya ce da can dukkan nahiyoyi a haɗe suke, ya kira wannan dunƙulalliyar ƙasa Pangiya.

Yawancin masana suka ƙi yarda, kuma suna da hujjarsu: Wegener ya kasa nuna ƙarfin da zai iya tura nahiya sukutum. Ya rasu a 1930 cikin ƙanƙarar Girinlan, maganarsa tana matsayin tatsuniya a wurin mutane da yawa.

Gaskiya ta fito ne daga ƙarƙashin teku. A 1952 Marie Tharp, wadda take zana taswirar gindin Atlantika daga awon jiragen ruwa, ta lura da wani dogon kwari da ya tsaga jerin tsaunukan da ke tsakiyar tekun. A 1962 Harry Hess ya ce a wannan tsaga ne sabon dutse yake ɓullowa yana tura tsohon gefe da gefe. A 1963 Fred Vine da Drummond Matthews suka kawo ra'ayin cewa maganaɗisun da ke cikin duwatsun gindin teku ya yi layi-layi iri ɗaya a dama da hagu na tsagar, kamar saƙar da aka fara daga tsakiya. A 1967 ayarin Patrick Hurley ya auna shekarun duwatsun Afirka ta Yamma da na Barazil. A kusa da Ankara ta Gana akwai iyaka tsakanin duwatsu masu shekara miliyan 2,000 da masu miliyan 600. Suka ce in Wegener ya yi gaskiya, za a sami wannan iyaka kusa da birnin São Luís na Barazil. Aka je, aka same ta. Kafin 1970 yawancin masana sun sallama.

Nijar ma ta ba da tata shaidar. A Gadufawa, cikin Tenere, aka haƙo ƙasusuwan wani ƙaton kada da tsawonsa ya haura mita 9, aka sa masa suna Sarcosuchus a 1966. A 1977 Eric Buffetaut da Philippe Taquet suka nuna cewa ɗan'uwansa na jini yana cikin duwatsun jihar Bahia ta Barazil. Kadan kogi ba ya iyo ya ƙetare Atlantika. Abin da ya faru shi ne, sa'ad da yake raye, sama da shekara miliyan 110 da suka wuce, ba a gama raba ƙasashen biyu ba.

Ƙwarya mai ɗinki

Mai karatu ya ɗauki duniya kamar ƙwaryar da ta fashe, gyartai ya ɗinke ta. Kowace sakaina ita ce ake kira faranti. Manya guda bakwai ne: na Afirka, na Turai da Asiya a haɗe, na Amurka ta Arewa, na Amurka ta Kudu, na tekun Fasifik, na Indiya da Ostareliya, da na Antaktika. Akwai kuma ƙanana da dama, kamar na Larabawa. Kaurin faranti ya kai kimanin kilomita 100, a ƙarƙashin tsofaffin nahiyoyi ma ya ninka haka. Idan aka gwada da nisan da ke tsakanin doron ƙasa da tsakiyar duniya, kilomita 6,371, za a ga ɓawo ne kawai.

Akwai kuskuren da ya kamata malamai su kiyaye. Sau da yawa ana ce wa ɗalibai farantan suna yawo ne a kan narkakken dutse kamar kwalekwale a kan ruwa. Abin da ke ƙarƙashinsu dutse ne daskararre, sai dai zafi ya sa yana da taushin da zai iya malala a hankali cikin dubban shekaru, kamar yadda kwalta take lotsawa a tsakiyar bazara ba tare da ta zama ruwa ba. Kuskure na biyu shi ne ɗaukar faranti daidai da nahiya. Farantin Afirka ya haɗa da nahiyar da kuma rabin gindin Atlantika na gabas, har zuwa tsagar da Marie Tharp ta gano.

To me ke tura su? Zafin cikin duniya shi ne tushen abin. Dutse mai zafi yana tasowa, mai sanyi yana nitsewa. Amma ƙarfin da ya fi yawa yana zuwa ne daga bakin farantin kansa. Gindin teku idan ya tsufa yakan yi sanyi ya yi nauyi, sai bakinsa ya nitse cikin duniya ya ja sauran a baya, kamar bargon da gefensa ya zubo daga gado, nauyin abin da ya zubo ya riƙa jan ragowar. A can tsakiyar teku kuma, inda sabon dutse ya yi tudu, gangara tana taimakawa da turi.

Tafiyar tana kama da saurin tsirar farce. Kudancin Atlantika yana ƙara faɗi da kimanin santimita 3 a shekara, kuma yau ana auna wannan da tauraron ɗan'adam. Tun daga 1674, lokacin da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci Adar, zuwa yau, Barazil ta ƙara nisa da mu da mita goma da 'yan kai kurum. Amma a ba ɗalibi alli ya ninka santimita 3 sau miliyan 100, zai sami kilomita 3,000, kusan faɗin tekun a inda ya fi ƙunci.

Iyakoki iri uku

Kusan duk girgizar ƙasa da aman wuta a bakin ɗinki suke faruwa, inda faranti biyu suka haɗu. Haɗuwar iri uku ce, kuma kowace ta bar tabo a ƙasarmu ko kusa da ita.

Ta farko ita ce iyakar rabuwa, inda faranti biyu suke ja da baya, narkakken dutse ya cike giɓin. Duk alhajin da jirginsa ya ƙetare Bahar Maliya ya bi ta kan irinta, domin ƙasar Larabawa tana rabuwa da Afirka da kimanin santimita ɗaya a shekara. Wannan rabuwa ce ta haifar da baƙaƙen duwatsun da ke kewaye da Madina, inda dutse ya yi aman wuta a 1256. A yankin Afar na Habasha, a watan Satumban 2005, ƙasa ta tsage tsawon kilomita 60 cikin 'yan makonni. Mu ma an so a yi mana haka. Lokacin da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, tsagar ta yi reshe uku a inda bakin kogin Kwara yake a yau. Biyu suka buɗe suka zama teku, na ukun ya shigo cikin nahiya ya tsaya a hanya. Shi ne kwarin Binuwai. 'Yan'uwansa su ne ramukan da ke binne a ƙarƙashin yashin Termit da Tenere, kuma a cikinsu ne man Agadem ya taru, wanda matatar Damagaram take tacewa tun 2011.

Ta biyu ita ce iyakar karo. Idan gindin teku ya yi karo da wani faranti, sai ya kutsa ƙarƙashinsa, ya haifar da duwatsu masu aman wuta da girgiza mafi muni. Irinta ce ta tayar da igiyar ruwan 26 ga Disamba 2004 a gaɓar Sumatra, wadda ta hallaka mutum kusan 230,000. Idan kuwa nahiya ce ta gamu da nahiya, babu mai nitsewa, sai su tattare su yi sama. Haka Indiya ta yi da Asiya aka sami Himalaya, kuma a ƙwanƙolin Everest, mita 8,849, dutsen da ke wurin a gindin teku aka yi shi. Afirka ma tana matsar Turai da ƙasa da santimita ɗaya a shekara, wannan matsi ne ya girgiza tsaunukan Atlas na Maroko a ranar 8 ga Satumba 2023, mutum kusan 3,000 suka rasu. Namu karon ya daɗe da wucewa. Kimanin shekara miliyan 600 da suka shige, wani teku da ke tsakanin tsohuwar ƙasar yamma, wadda Liptako take bakinta, da ƙasashen da suke gabas da ita ya rufe, suka gwabza. Ɗinkin ya taso daga yammacin Hoggar, ya bi ta yankin Gawo, ya gangara Benin da Togo. Manyan tsaunuka suka tashi, zamani ya cinye su. Saiwarsu ce yawancin duwatsun da ake gani a Abzin da Damagaram da Katsina da Zariya, kuma ita ce shimfiɗar da Adar take zaune a kai.

Ta uku ita ce iyakar goga, inda faranti biyu suke wuce juna kafaɗa da kafaɗa. Masani Tuzo Wilson ne ya bayyana ta a 1965. A nan ba a ƙirƙirar sabon dutse, ba a kuma cinye tsoho, sai dai gefunan sukan maƙale shekaru aru-aru, ranar da suka kuɓuce a ji a jika. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023, wadda ta kashe sama da mutum 50,000, a irin wannan iyaka ta faru. Gaɓar Gana da Kwaddibuwa ma da goga ta rabu da Barazil, shi ya sa ta miƙe daga gabas zuwa yamma.

Daga nan iyaye za su iya kwantar da hankalin yaran da suka ga Maroko ko Turkiyya a waya suka tsorata. Keita da Buza da Madawa suna tsakiyar faranti ne, nesa da kowane ɗinki mai rai. Tsofaffin tsagogi kan motsa jefi-jefi a Afirka ta Yamma, kamar yadda aka gani a Ankara a 1939, da Gini a 1983, da ɗan motsin unguwar Mpape ta Abuja a 2018. Amma barazanar da ta fi kusa da gidan mutumin Adar ita ce ambaliya da zaizayar ƙasa.

Yadda teku ya shigo, yadda ya fita

Bayan tsaunukan wancan karo sun lalace, ƙasar da ke tsakanin Abzin da kogin Kwara ta riƙa lotsawa sannu a hankali, ta zama wani makeken kwano. Masana suna kiransa kwarin Iullemmeden, da sunan ƙabilar Abzinawan da ke zaune a arewacinsa. Ya haɗa yammacin Nijar da sassan Mali da Aljeriya da Benin, a Najeriya kuma shi ake kira kwarin Sakkwato. Yashi da laka suka riƙa taruwa a ciki, har kaurinsu ya haura mita 1,000 a wurare da dama. Jacques Greigert ne ya yi cikakken bayanin waɗannan shimfiɗu a 1966, kuma malaman Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna ci gaba da nazarinsu.

Sa'ad da Pangiya take wargajewa, tsagogin tsakiyar teku suna aiki da ƙarfi. Sabon dutse mai zafi ya fi tsoho kumburi, saboda haka gindin teku ya taso, kamar a jefa duwatsu cikin randar da ta cika. Ga shi kuma duniya ta yi ɗumi, babu tulin ƙanƙarar da ke riƙe ruwa a ƙarshenta na arewa da na kudu kamar yau. Ruwan teku ya hau sama da inda yake yanzu da fiye da mita 100, ya malalo cikin duk wani kwano da ya samu. Tsakanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, ya shigo Sahara ya fita sau da dama. Ya taho ne daga wani tsohon teku na arewa mai suna Tetis, wanda Bahar Rum ragowarsa ne, kuma a wani zuwan har ya haɗe da Atlantika ta kwarin Binuwai. Ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, kimanin mita 50.

Duk wanda ya tsaya a gindin dutse a Adar ya ɗaga kai zai iya karanta wannan labari daga ƙasa zuwa sama. A ƙasa akwai yashi da laka na ƙarshen zamanin dinoso. Masana sun ba wani sashensu suna da Hausa, Farin Dutsi. A dutsen Igdaman kusa da Kawo, arewa da Keita, an sami haƙoran kifin shak da ƙasusuwan manyan ƙadangarun teku, har aka raɗa wa ɗaya Igdamanosaurus a 1991. Wani ɗan'uwansa da aka samu a ƙasar Goronyo ta Sakkwato shi ne Goronyosaurus. Waɗannan duka sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da dinoso. A samansu akwai laka mai falle-falle kamar takarda, sannan farin dutse mai cike da katantanwa da bushiyar teku, wanda aka yi kimanin shekara miliyan 60 zuwa 55 da suka wuce. Daga irinsa Gaden da Lelean suka tsinci nasu. A can sama kuma sai jan dutse mai nauyi, mai tama, wanda ya zama hular kowane tudu.

Wannan jar hula alama ce ta cewa teku ya kama hanyar tafiya. Afirka ta ci gaba da matsawa arewa, tekun Tetis ya ƙuntata, ruwan duniya ya sauka, yankin Hoggar ya kumbura ya toshe hanyar arewa. Ruwan gishiri bai sake dawowa ba. Abin da ya rage sai aikin ruwan sama, wanda a zamunan da suka fi namu damina ya yanka shimfiɗar ya fitar da kwarin Keita da na Majiya da na Tarka. Tuddan Adar masu kai a baje ragowar fili ɗaya ne da ƙoramu suka rarraba.

Gadon da teku ya bari

Farin dutsen nan shi ne abincin masana'antar siminti ta Malbaza tun shekarun 1960, kuma shimfiɗa ɗaya ce da wadda ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Iyakar da aka zana a 1898 da 1906 ba ta raba ta ba. Duk ɗakin da aka gina da wannan siminti, da ƙwansunan halittun teku aka gina shi. Jan dutsen sama kuwa shi ne tamar da maƙeran Adar suka daɗe suna narkawa kafin zuwan ƙarfen Turawa, sana'ar da Nicole Echard ta yi nazarinta har ta ɗauke ta a fim a shekarun 1960.

Wahalar ruwa ma daga nan take. Hular dutse ba ta shan ruwa, lakar da ke ƙarƙashinta ba ta barinsa ya wuce. Ruwa mai yawa yana can cikin tsohon yashin da ya riga teku zuwa, shi ya sa a wurare da dama na Adar sai an huda ɗaruruwan mitoci kafin a kai gare shi, alhali a cikin fadama rijiya gajera takan wadatar da mai albasa. Idan an yi ruwan sama kuma, yakan gangaro daga kan fako da gudu, ya tarar da gefen dutse mai taushi, ya yanka shi. Muddin akwai itatuwa da ciyawa, abin da sauƙi. Da fari da gatari suka kwashe su, sai ƙoramu suka fara cin gonaki.

Wannan ne aka tunkara a kwarin Majiya daga 1975, lokacin da ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da manoman ƙasar Buza suka fara dasa layukan dogon-yaro don tare iska. Shi ne kuma aikin da aka fara a Keita a 1984, shekarar yunwar El-Buhari, da kuɗin Italiya da hannun FAO da tallafin abinci na PAM. An farfaɗo da fili sama da hekta 30,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, kuma yawancin waɗanda suka yi aikin mata ne. Duwatsun da suka ɗauka a ka suka jera don tare ruwa, su ne dai waɗanda tekun ya bari.

Ga malamai da iyaye

Malamin da ke Keita ko Buza ko Madawa yana da abin da takwaransa na manyan birane zai biya kuɗin mota ya zo gani. Fita ɗaya da ɗalibai zuwa gefen dutse da safe ta isa. Su zana shimfiɗun da suka gani daga ƙasa zuwa sama, kowace da launinta. Su ɗiga ruwan tsami a kan farin dutse su ga yana ƙananan kumfa, su ɗiga a kan ja su ga bai yi ba. A aji kuma a yanka taswirar Afirka da ta Amurka ta Kudu a kwali, a ba su su haɗa da hannunsu. Littattafai biyu a kan tebur sun isa nuna iyakoki ukun: a raba su, a gwara su, a goga su.

Abin da aka tsinta kada a watsar. A samu kwali ko tsohuwar akwati a makaranta, kowane dutse a rubuta masa inda aka same shi da ranar da aka same shi da sunan ɗalibin da ya kawo. Dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa. In an ci karo da babban ƙashi ko haƙori a cikin dutse, a bar shi a wurinsa a sanar da hukuma, kada a sayar wa mai wucewa. Waɗanda aka kwasa a 1903 da 1904 Paris da London suka tafi, jikokin masu ƙasar ba su taɓa ganinsu ba.

Iyaye kuma, idan yaro ya dawo da maganar miliyoyin shekaru, kada a kore shi da tsawa a ce lakwal ta ɓata shi. Al-Biruni da Ibn Sina sun yi irin wannan tambaya, ba ta rage su da komai ba. A ce masa ya kawo dutsen a gani, a tambaye shi abin da malam ya ce, in ya kasa bayani a tura shi ya sake tambaya. Ƙasar nan tana buƙatar masu sanin inda ruwa yake kafin a kashe miliyoyi wajen haƙa, da masu sanin abin da ke ƙarƙashin gona kafin wani ya zo da takarda ya saye ta da araha. Masu wannan sani daga cikin yaran nan za su fito, waɗanda aljihunsu yake cike da duwatsu.